Tambayi Likita: Buguwar Kai Da Kuɗin Jinyarta

Wasiƙun da suka taru a wannan makon kusan duk a kan abu guda suke, wato wanda ya bugu a ka da irin kuɗin da jinyarsa ke ci. Likitocin wannan fili sun zaɓi guda shida sun amsa. An sakaya sunayen masu tambaya.

Assalamu alaikum Likita. Ƙanena ɗan acaɓa ne, ya faɗi a hanyar Daura zuwa Zango ba hular kwano. Ya suma kamar minti biyar, ya farfaɗo yana magana, har ya sha ruwa. An ɗinke masa goshi, aka ce sai an yi hoton CT. Kuɗin ya yi mana nauyi. Ba za a yi masa hoton ƙashi ba, tunda ya fi araha? (Wani mai shago, Daura)

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba shi lafiya. Kada ku kashe ko sisi a hoton ƙashi. Ƙashi kawai yake nunawa, ba ya nuna jinin da ke taruwa a ciki, kuma jinin nan shi ke kisa. Za ku biya kuɗinsa, daga baya ku dawo ku biya na CT, wato hoton na'ura mai nuna abin da ke cikin kai, ga lokaci ya tafi.

Farfaɗowar da ya yi ba ta kwantar mana da hankali ba. Ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai take, shi kuwa ƙoƙon ba ya miƙewa. A gefen kai, tsakanin ido da kunne, ƙashin siriri ne, kuma akwai jijiyar jini da ta bi ta ƙarƙashinsa. Idan ƙashin ya tsage ya yanke ta, jini zai riƙa taruwa a hankali tsakanin ƙashi da tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Mutum ya farka, ya gaisa da jama'a, a ce an auna arziki. Bayan 'yan sa'o'i ciwon kai ya tsananta, amai ya biyo, barci ya kama shi, baƙin ido ɗaya ya buɗe ya fi ɗan uwansa, daga nan sai doguwar suma. In an gano da wuri aka buɗe aka kwashe jinin, da yawa suna komawa sana'arsu sumul. In an makara, ko dai a rasa shi, ko a shafe makonni ana biyan kuɗin gado.

Likitoci suna auna nauyin buguwa da ma'aunin Glasgow, wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar a 1974. Buɗe ido maki 4 ne, magana 5, motsin jiki 6, jimla 15, mafi ƙaranci kuma 3. Daga 13 zuwa 15 buguwa ce mai sauƙi, 9 zuwa 12 matsakaiciya, 8 zuwa ƙasa mai tsanani. Ka riƙa tambayar ma'aikaciyar jinya makinsa nawa ne, ka rubuta tare da lokaci. Ya sauka da maki biyu, a kira likita nan take ko da tsakar dare ne.

CT ya zama dole ga wanda makinsa bai koma 15 ba bayan awa biyu, da wanda ya yi amai fiye da sau ɗaya, ko jijjiga, ko hannu ko ƙafa ta rasa ƙarfi, ko jini ko wani farin ruwa ke fita ta kunne ko hanci, ko aka ji ƙashin kai ya lotsa. Haka wanda ya suma bayan ya faɗo daga babur yana gudu, irin ƙanenka.

Inda za ku rage kuɗi shi ne nan. Hoton farko bayan hatsari ba ya buƙatar ruwan allurar da ake sa wa a jijiya don hoto ya ƙara fitowa, ruwan nan kuwa yana ƙara farashi. Hoton MRI ya fi tsada, ya fi cin lokaci, kuma ba shi ake nema a ranar farko ba. In an gama, ku karɓi hoton kansa tare da rahoton, don kada asibiti na gaba ya sa ku sake.

Likita, ɗana yau kwana tara yana sashen kulawa ta musamman bayan an yi masa aiki a kai. Mun sayar da shanu biyu. Mun zaci kuɗin tiyata ne babba, sai ga shi kullum da sabuwar takarda. Ina kuɗin ke tafiya? (Wani dattijo, Ƙofar Marusa, Katsina)

Baba, sannu da ɗawainiya, Allah Ya tashi kafaɗunsa. Abin da kuka gani haka yake ko'ina a ƙasar nan, inda fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun jama'a yake fita kai tsaye. Tiyata sau ɗaya ake biya. Kwanakin da ke biye da ita su ne ke cinye garke.

Bari mu buɗe maka takardar yini guda. Akwai kuɗin gadon sashen, wanda ya ninka na ɗakin kwanciya sau da yawa, domin ma'aikaciyar jinya ɗaya ba ta wuce mutum ɗaya ko biyu. Akwai iskar oksijin, da na'urar numfashi in yana kanta. Baligi da ba ya ci ba ya sha yana buƙatar ruwa lita biyu da rabi zuwa uku a yini, leda biyar zuwa shida ke nan ta rabin lita. Idan ƙwaƙwalwa ta kumbura ana ba da wani ruwa mai suna manitol bisa nauyin jiki. Shi manitol yana sa fitsari sosai, yana taɓa gishirin jini da ƙoda, don haka duk ranar da aka ba shi sai an ɗebi jini an auna. Shi ya sa kuke ganin takardar gwaji kusan kowace safiya. Sai maganin kashe ƙwayoyin cuta, da na rage zafi, da na hana jijjiga irin fenitoyin, wanda galibi kwana bakwai ake ba da shi ga wanda bai taɓa jijjiga ba. Sannan ƙananan kaya da ba wanda ke sa su a lissafi: safar hannu, sirinji, robar zuƙe majina, robar fitsari da jakarta, ƙunzugun manya, auduga da filasta. Kowanne kuɗinsa kaɗan ne, amma a tara na mako biyu a gani.

Abin da ya fi kowanne tsawaita kwanciya shi ne cutar da ta shigo daga baya, kuma a nan masu jinya suna da hannu sosai. Wanda bai farfaɗo ba ba ya iya haɗiya. Duk abin da aka ɗura masa a baki, ruwa ne, kunu ne, rubutu ne ko zamzam, huhu yake zarcewa. Kwana biyu sai zazzaɓi, ƙirji ya cika, a koma na'urar numfashi, a canza zuwa allurai masu tsadar gaske. Muna roƙonku da girman Allah, rubutu da zamzam a shafa masa a jiki, a yi masa tofi da addu'a, baki kuma a bar shi sai likita ya ce. Abinci ta robar da aka sa masa yake bi, shi ma da awo da lokaci.

Na biyu gyambon kwanciya. Fatar ƙugu, da ta dunduniya, da ta ƙeya tana mutuwa idan nauyin jiki ya daɗe a kanta. Da farko ja ne kawai kamar girman tafin hannu, wanda ba ya washewa in an danna da yatsa. In aka bar shi sai ya rufta ya zama rami har ƙashi, kuma wankinsa kaɗai yana iya ɗaukar watanni. Maganinsa juyi duk bayan awa biyu, dare da rana, da zanin gado busasshe marar tattara. In an mayar da shi babban ɗaki, ku raba dare tsakaninku, kowa ya san awarsa. A bar kan gadon a ɗage kamar digiri 30, wato kashi ɗaya cikin uku na miƙewa zaune, wuya a saiti, don jini ya riƙa sauka daga kai.

Sai dabarun riƙe kuɗi. Mutum ɗaya ya riƙe jaka da littafi, ya adana kowane rasit. Kada a sayi maganin mako guda a lokaci ɗaya, a sayi na kwana biyu, domin likita na iya canzawa gobe, kemis kuwa ba ya karɓar abin da ya sayar. A roƙi likita ya rubuta ainihin sunan magani maimakon sunan kamfani, sannan a duba lambar NAFDAC. A kawo 'yan uwa uku ko huɗu masu lafiya su ba da jini, sai ku biya kuɗin gwaji da leda kawai. Kuma ku tambaya kai tsaye, cikin ladabi, wanne ne dole a cikin takardar, wanne ne za a iya jinkirtawa. Akwai magunguna masu tsada da ake kira na ƙarfafa ƙwaƙwalwa, irin sitikolin, wanda wani babban gwaji da aka buga a Amurka a 2012 ya nuna bai ƙara wa masu buguwar kai komai ba. Allurar sitiroyid kuwa, gwajin CRASH na 2004 a kan mutum kusan 10,000 ya nuna ƙara mace-mace take yi. Kuɗin irin waɗannan gara ya tafi ga abinci da oksijin.

Kada ku manta da ofishin jin daɗin marasa lafiya da ke cikin manyan asibitocin gwamnati. Ku je tun kuɗi bai ƙare ba, da rasit ɗinku a hannu, ku nemi rangwame ko biya kashi-kashi.

Ranka ya daɗe, mu a ƙauye muke kusa da Mai'adua. In hatsari ya faru, ina za mu nufa, kuma yaya za mu ɗauki mutum? (Shugaban wata ƙungiyar direbobi)

Malam, wannan tambaya ta fi ƙarfin kuɗi, domin abin da aka yi a sa'o'in farko shi ke yanke yawan abin da za a biya daga baya.

Duk wanda ya bugu a ka har ya suma, a ɗauka wuyansa ma ya karye sai an tabbatar. Kada a ciccibe shi hannu da ƙafa kai na lilo, kada a zaunar da shi a kan babur tsakanin mutum biyu. A samo ƙyaure ko faffaɗan katako. Mutum ɗaya ya riƙe kai da hannu biyu, uku su juya jiki gaba ɗaya kamar gungume, a tokare gefen kai da naɗaɗɗen zani. In amai ya zo, a karkata shi dukkansa gefe guda tare da katakon. Fatar kai tana zubar da jini sosai, a danne da tsumma mai tsabta, amma in an ji ƙashi ya lotsa a danne gefen ciwon kawai. Ruwa ko jinin da ke fita ta kunne kada a toshe shi da auduga. Lambar jami'an kiyaye haɗura 122 ce, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112.

A fara tsayawa a babban asibiti mafi kusa don a buɗe hanyar numfashi, a sa oksijin da ruwa, a tsayar da jini. Faɗuwar lambar sama ta awon hawan jini ƙasa da 90, ko sau ɗaya ne, tana kusan ninka haɗarin mutuwa ga mai buguwa mai tsanani. Akwai kuma allura mai araha ta rage zubar jini, taranezamik asid, wadda gwajin CRASH-3 na 2019 ya nuna tana rage mutuwa ga masu buguwa mai sauƙi da matsakaiciya in an yi ta cikin awa uku. Amma tsayuwar nan ta gyara ce a wuce. Daga yankinmu ana tura irin wannan zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta Asibitin Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Daura zuwa Katsina kusan kilomita 80 ne, Katsina zuwa Kano kusan 170. Kafin mota ta tashi, likitan da ke tura ku ya buga waya ya tabbatar da abu uku: na'urar CT tana aiki, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa yana nan, akwai gado. Yawo daga wannan ƙofa zuwa waccan shi ke cinye mai da kuɗin motar asibiti da ran mutum. Wani bincike na 1981 a Amurka ya nuna masu taruwar jini a ƙarƙashin tantanin ƙwaƙwalwa da aka yi wa aiki cikin awa huɗu, kashi 30 cikin 100 suka rasu, waɗanda aka makara kuwa kashi 90.

Ku da kuke da ƙungiya, ku matsa wa 'yan acaɓarku a kan hular kwano mai ɗaurin haɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin 100, kuma kuɗinta bai kai na hoton CT guda ba.

Likita, mota ce ta buge mijina. Wani asibiti ya ƙi taɓa shi sai mun ajiye kuɗi. Haka doka ta ce? Kuma mai motar ba shi da alhakin komai? (Wata baiwar Allah, Sabuwar Unguwa, Katsina)

Hajiya, ba haka doka ta ce ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, kuma hukuncin tarar N100,000 ne ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba ko duka biyun. Sai dai dokar ba ta mayar da jinya kyauta ba. A ceto rai tukuna, lissafi ya biyo baya. In aka sake yi muku haka, ku nemi ganin babban likitan da ke bakin aiki.

Game da mai mota, inshorar dole da kowace mota ke yi, wadda ta koma N15,000 ga motar gida tun Janairun 2023, ta ƙunshi rauni ko mutuwar wanda aka buge. Abin da ake buƙata rahoton 'yan sanda, da lambar mota, da kwafin takardar inshorarsa, da rahoton likita, da rasit. Inda ake samun cikas shi ne takardun jabu sun yi yawa, kuma biyan yana ɗaukar lokaci, don haka ba kuɗin tiyatar daren nan ba ne. In za a yi sulhu a gaban mai unguwa, kada ku yarda da adadi a ranar farko, domin ba wanda ya san tsawon jinyar tukuna. A rubuta cewa zai ɗauki kaso kaza na duk rasit.

In maigidan yana cikin inshorar lafiya ta tarayya, wato NHIA, ko ta jiha, a kai katinsa ofishinsu na cikin asibiti a ranar farko a nemi lambar izini kafin manyan gwaje-gwaje da tiyata. Abin da kuka biya da hannunku ba tare da izinin ba, dawo da shi yana da wuya.

Mahaifinmu ɗan shekara 74 ya zame a banɗaki wata biyu da suka wuce, ya tashi lafiya lau. Yanzu yana rikicewa, yana jan ƙafar dama, yana yawan barci. Wasu sun ce tsufa ne, wasu sun ce sammu. (Ɗansa, Mashi)

Malam, ku kai shi a yi masa CT a wannan makon, in barcin ya ƙaru kuwa yau. Ƙwaƙwalwar tsoho tana ɗan tsukewa, ƙananan jijiyoyin da ke samanta su miƙe, ƙaramar buguwa ta tsinka ɗaya. Jini ya riƙa tsatsafowa makonni kafin alama ta fito. In shi ne, aikinsa na cikin mafi sauƙi da araha a tiyatar kai: ƙaramar huda ɗaya ko biyu a ƙashi, a wanke jinin, a bar siririyar roba kamar kwana biyu. Wani lokaci ma kashe wurin kawai ake yi ba tare da an sa shi barci ba. Tsofaffi da yawa suna dawowa hayyacinsu cikin kwanaki. Ku faɗa wa likita in yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini.

Likita, kuɗinmu ya ƙare ƙaf. Yayana ya buɗe ido amma ba ya magana, da roba yake cin abinci, kuma an cire masa wani ɓangare na ƙashin kai. Muna so mu tafi da shi gida. (Ƙanwarsa, Rafin Daɗi, Katsina)

'Yar uwa, mun ji nauyin da ke kanku. Abin da muke roƙo kada ku sa hannu ku fice cikin fushi ko kunya. Ku zauna da likitansa ku faɗi gaskiyar aljihunku, ku nemi a tsara sallama. Sau da yawa ana iya mayar da allurai zuwa ƙwayoyin da ake niƙawa a ba shi ta roba, a koya muku aikin cikin kwana biyu ko uku.

Kafin ku fita, mutum biyu a gidan su iya ba da abinci ta roba. A zaunar da shi a jingine, a ba shi kofi ɗaya, kimanin mililita 250 zuwa 300, duk bayan awa uku, a hankali, a bi da ruwa kaɗan don wanke robar, a bar shi a jingine rabin awa. Ba sai abincin gwangwani mai tsada ba. Kunun gero da aka haɗa da garin waken suya, da gyaɗa, da madara, da dafaffen ƙwai da aka niƙa, da cokalin mai, a tace shi sosai, yana riƙe jiki. Koko tsararo shi kaɗai ba ya isa, mutum zai rame gyambo ya samu wuri. In robar ta zame ko ya fara tari ana cikin ba shi, a dakata, a nemi ma'aikacin jinya ya duba. Ku tambayi ranar canza robar abinci da ta fitsari a rubuta muku.

Ku nemi masu gashin ƙashi su nuna muku yadda ake miƙe kowace gaɓa, kafaɗa, gwiwar hannu, yatsu, gwiwa da idon sawu, sau biyu ko uku a yini. Gaɓar da aka bari takan ƙage cikin makonni. Mafi yawan sauƙin da ake samu yana zuwa ne a wata shida na farko, don haka kuɗin mota zuwa gashi ba asara ba ne. In an ce ya ci gaba da maganin jijjiga, kada a yanke shi rana ɗaya don ya ƙare, a sayi na gaba tun saura na kwana uku.

Wurin da aka cire ƙashi fata ce kawai tsakanin ƙwaƙwalwa da waje. Kada a kwantar da shi ta wannan gefen, kada wanzami ko mai ɗori ya taɓa wurin. An cire ne don kumburi ya samu wurin fita, kuma akwai aiki na biyu da za a mayar da ƙashin bayan wasu makonni ko watanni. Ku tambaya ina aka adana shi, domin wasu likitoci a ƙarƙashin fatar cikin mara lafiyan suke ajiye shi. In nasa yana nan, kuɗin aikin ya fi sauƙi a kan sayen na roba ko na ƙarfe, sai ku fara tanadi tun yanzu. Zazzaɓi, ko kumburin wurin ya yi tauri, ko ruwa na fita daga ɗinki, ko jijjiga ta wuce minti biyar, ko barci ya fi na jiya nauyi, a dawo da shi asibiti a ranar.